Yadda ake riƙe littafin alkawari da zumunci

Duk mai hulɗa da jama'a a Zariya, ko malami ne a Samaru, ko ɗan kasuwa a Sabon Gari, ko ma'aikacin asibiti a Shika, yakan ɗauki alkawura da yawa a wuni guda ba tare da ya lura ba. Zai ce wa wannan zai zo dubiya, ya ce wa wancan zai tambayo masa zancen aiki, kuma kafin sallar Isha rabinsu sun fice daga ransa. Ba mugun nufi ne yake kawo haka ba, mantuwa ce, amma wanda aka yi wa alkawarin ba ya ganin zuciya, abin da yake gani shi ne ba a zo ba. Maganin da na gwada na ga amfaninsa shi ne ƙaramin littafi da biro.

Ka nemi littafin da zai shiga aljihun kaftani, kada ka sayi babba mai tsada, domin wanda ya yi kyau da yawa mutum yakan ji nauyin ɓata shi. Na fi son takarda a kan waya, saboda da zarar ka buɗe waya saƙonnin WhatsApp za su janye ka, kuma takarda ba ta jiran a kawo wuta.

Ka tsayar da lokaci guda, wanda yake manne da abin da ba ka fasawa. Bayan sallar Isha ya fi dacewa da yawancin mutane, tun abubuwan wunin ba su dushe ba, kuma minti goma sun isa. Ka fara da kwanan wata, na Hijiriyya da na Miladiyya, sannan ka rubuta wanda kuka haɗu, da abin da ya dame shi, da abin da ka ce za ka yi masa. Nan ne ake bukatar natsuwa. Kada ka rubuta "zan taimaka wa maƙwabcina", domin wannan fata ne kawai. Ka rubuta cewa ranar Talata bayan Azahar za ka raka ɗansa harabar Jami'ar Ahmadu Bello da ke Kongo ya miƙa takardunsa. Alkawarin da ba shi da rana da wuri ba ya cika. Haka nan a wurin aiki, idan an tashi daga taro, ka rubuta abin da aka ɗora maka da ranar da ake jiransa tun kafin ka bar ofis.

Ka yi rubutun da harshen da kake tunani da shi, da boko ko da ajami. Zariya, garin da aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam yana editanta, ba wurin da za a raina rubutun Hausa ba ne.

Daren Juma'a ka koma kan shafukan mako. Abin da ka cika ka ja masa layi, wanda ka kasa kuma ka kira mai shi ka ba shi haƙuri, kada ka bari sai kun yi kiciɓis a masallaci. A shafin ƙarshe ka jera sunayen 'yan uwa da tsofaffin malamanka, da ranar da ka yi musu gaisuwar ƙarshe. Littafin tunatarwa ne kawai, zumunci kuwa a ƙafa yake, saboda haka idan ka ga an yi wata biyu ba ka leƙa Gwaggo a cikin birni ba, ka hau abin hawa ka tafi.

Saƙo mai nauyi, kamar na neman alfarma wurin babba ko na amsa wanda ya ɓata maka rai, ka fara rubuta shi a littafin, ka bari ya kwana, da safe ka sake karantawa kafin ka tura. Sai dai kada ka rubuta sirrin da aka ba ka amana ko aibin wani, domin littafi yakan faɗa hannun yara ko baƙo.

Idan ya cika, ka kwafe alkawuran da suka rage zuwa sabo, ka rubuta watan farawa da na gamawa a bangon tsohon, ka ajiye shi inda gara da danshin damina ba za su kai gare shi ba.