Yadda ake gane amosanin gaɓɓai na garkuwar jiki tun bai lanƙwasa yatsu ba

A gidajenmu na Bauchi, duk ciwon da ya kama gaɓa sunansa ɗaya, wato sanyin ƙashi, kuma da hunturu ya shigo sai a ɗora masa laifin komai. Amma a ƙarƙashin wannan suna akwai cututtuka daban-daban, kuma ɗaya daga cikinsu, wanda likitoci ke kira rumatoyid, ba sanyi ne ke kawo shi ba, ba kuma tsufa ba. Garkuwar jikin mutum ce da kanta take juyowa ta far wa gaɓoɓinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da shi a duniya, kuma kusan kashi 70 cikin 100 mata ne.

Kafin a zo ga abin da za a yi, ya kamata a san abin da ke faruwa a cikin gaɓar, domin daga nan ne duk matakan suka samo asali. Kowace gaɓa mai motsi tana da wani siririn tantani da ya lulluɓe ta ta ciki, shi ne ke fitar da ruwan da ke sa ƙashi ya zame a kan ƙashi ba tare da gogayya ba. A jikin mai rumatoyid, fararen ƙwayoyin jini, waɗanda aikinsu yaƙar cuta ne, suna yin dafifi a cikin wannan tantani, sai ya kumbura ya yi kauri, daga baya ya riƙa cin guringuntsi da gefen ƙashin da ke kusa da shi. Ƙwayoyin suna kiran junansu ne da wasu sinadarai na aika saƙo, waɗanda suka fi shahara a cikinsu su ne TNF da IL-6. Marc Feldmann da Ravinder Maini, masu bincike a Cibiyar Kennedy da ke Landan, su ne suka nuna a farkon shekarun 1990 cewa idan aka toshe TNF kaɗai, kumburin yakan lafa ƙwarai, kuma wannan aiki ya sa aka ba su lambar yabo ta Lasker a 2003. Bincike ya kuma nuna cewa alamun rikicewar garkuwar sukan bayyana a jini shekaru kafin gaɓa ta fara ciwo, kuma gado da shan taba suna ƙara haɗarin kamuwa. Abin da ya fi shafar mai ciwo a duk wannan bayani shi ne, kumburi ana iya kashe shi, amma ƙashin da ya riga ya cinyu ba ya dawowa.

Saboda haka aikin farko na mai ciwon ne da mutanen gidansa, wato lura. A duba lokacin da ciwon ya fi tsanani. Mai rumatoyid yakan tashi da asuba yatsunsa a sandare, ya kasa dunƙule hannu ko riƙe buta don alwala, kuma sandarewar takan wuce rabin sa'a, sau da yawa har sa'a guda ko fiye, sannan ta saki idan ya fara motsi. Ciwon gwiwa na zaizayewar guringuntsi, wanda ya fi kama tsofaffi da masu ƙiba, akasin haka yake, domin yana ƙaruwa ne da aiki da tafiya, ya yi sauƙi idan an huta. A duba kuma gaɓoɓin da suka kamu. Rumatoyid ya fi son ƙananan gaɓoɓi, wato tushen yatsun hannu da gaɓar tsakiyarsu, da wuyan hannu, da tushen yatsun ƙafa, kuma yawanci yana kama dama da hagu tare. Akwai gwaji mai sauƙi da likitoci da kansu ke yi: a kama hannun mai ciwon kamar za a yi musabaha, a matse layin tushen yatsun a hankali. Idan ya janye hannu don zafi, kuma ana jin gaɓoɓin sun yi taushi kamar akwai ruwa a ciki, to wannan ba abin jira ba ne. Yana da kyau a rubuta ranar da abin ya fara, domin likita zai so ya san ko ya kai mako 6.

Gaɓa guda ɗaya da ta kumbura farat ɗaya, ta yi zafi, ga zazzaɓi, wani lamari ne daban da ke buƙatar asibiti a ranar, haka ma ciwon ƙashi a jikin mai sikila.

Akwai wani wuri da ake yawan zaluntar mata a kan wannan ciwo. Sananne ne cewa rumatoyid yakan lafa wa mata da yawa lokacin da suke da ciki, sannan ya dawo da ƙarfi a watannin bayan haihuwa, wasu ma a lokacin ne yake fara bayyana a jikinsu. Sai ka ji ana cewa mai jegon ta yi wasa da wankan jego ne shi ya sa sanyi ya shige ta, a ƙara mata kwanakin ruwan zafi. Ruwan ɗumi yana sassauta gaɓa na ɗan lokaci, amma ba ya taɓa abin da ke cin ƙashin.

Tarkon da ya fi kama mutane shi ne kemis. Wata gwaggona ta shafe fiye da shekara tana shan haɗin ƙwayoyi da ake ƙulla mata a leda, kuma gaskiya idan ta sha takan miƙe ta tuƙa tuwo kamar ba ita ba. Sai fuskarta ta fara cika, mutane na yi mata barka da samun lafiya, har ranar da aka auna ta aka tarar sukarinta ya hau. Da likita ya zazzage ledar a kan tebur, ya ware wasu ƙananan farare da yatsa, ya ce mata, "Mama, waɗannan su ne suka kumbura miki fuska, kuma kada ki daina su rana ɗaya, a hankali za mu janye su." Ƙwayoyin irin su prednisolone da dexamethasone ne. Asalinsu magani ne na ƙwarai, domin wani likita mai suna Philip Hench ya fara gwada wani ɗan gidansu, wato kotizon, a kan mai rumatoyid a asibitin Mayo da ke Amurka a 1948, har aka ba shi kyautar Nobel a 1950, amma shan su na tsawon lokaci ba bisa ƙa'ida ba yana kawo ciwon suga da hawan jini da raunin ƙashi. Su kuma irin su diclofenac da ibuprofen suna rage zafi ne kawai, ƙashi na ci gaba da cinyewa, ga haɗarin gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Ƙaho da tsagar wanzami ma ba sa kai wa ga tantanin gaɓa.

Idan aka je asibiti, a tafi da duk magungunan da ake sha, har da na gargajiya, kuma idan ƙaramin asibiti ne a nemi takardar turawa zuwa babba, kamar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Awon jinin da aka saba yi ya haɗa da ESR da CRP, masu nuna ƙarfin kumburi, da RF da anti-CCP, masu nuna rikicewar garkuwa, tare da hoton ƙashin hannu da ƙafa. A nan a yi hattara da karanta sakamako. RF yakan fito a jikin mai ciwon hanta ko tarin fuka, har ma da wasu tsofaffi masu lafiya, shi ya sa anti-CCP ya fi shi nuna cutar kai tsaye. Akwai kuma masu rumatoyid na gaske da duka biyun ba sa nuna komai a jininsu, saboda haka hukuncin yana hannun likitan da ya taɓa gaɓoɓin, ba a takardar awo kaɗai ba.

Maganin da aka fi farawa da shi a duniya shi ne methotrexate, kuma a kansa ne ya kamata a buɗe kunne sosai. Sau ɗaya ake shan sa a mako, ba kullum ba, kuma shan sa kullum bisa kuskure yana iya kisa. A zaɓi rana guda, misali Juma'a tunda ba ta ɓacewa kowa, a rubuta ta a jikin kwalin. Ana haɗa shi da folic acid a wata ranar dabam don rage illa, ana kuma auna jini da hanta lokaci-lokaci. Ba a haɗa methotrexate da maganin kashe ƙwayoyin cuta na Septrin. Mai ciki da mai shayarwa ba sa shan sa, kuma matar da ke son haihuwa ta faɗa wa likita tun da wuri, domin akwai magunguna irin su hydroxychloroquine da sulfasalazine da ake iya komawa kansu. Aikinsa yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya bayyana, kuma a wannan tsakanin ne mutane da yawa ke yanke ƙauna su koma kemis. Ƙa'idar da masana suka fi bi ita ce, idan ba a ga sauƙi ba bayan wata 3, ko kumburin bai kwanta ba bayan wata 6, a sauya tsarin maganin maimakon a ci gaba da jurewa.

Alluran toshe TNF, waɗanda suka fito daga binciken Feldmann da Maini, da kuma na toshe IL-6, suna da tsada sosai, kuma ana zuwa gare su ne idan na farko sun gaza. Kafin a fara su dole a binciki tarin fuka da ciwon hanta nau'in B, domin TNF na cikin abin da ke tsare ƙwayar tarin fuka a ɓoye a jiki, kuma da an toshe shi tana iya farkawa. A yankinmu, inda cututtukan nan biyu suke da yawa, wannan bincike ba abin tsallakewa ba ne.

Sauran aikin na gida ne. Mai shan taba ya daina, domin tana rage tasirin maganin. A kula da dasashi da haƙora. A je wurin masu gashin ƙashi su koyar da motsa yatsu, domin gaɓar da aka daina motsawa takan ƙage. A riƙa auna hawan jini da suga, saboda kumburin da ya daɗe yana taɓa jijiyoyin zuciya. Idan kuma aka ga tari mai daɗewa, ko ƙarancin numfashi, ko ido ya yi ja yana zafi, ko zazzaɓi ya kama mai shan methotrexate, a koma asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta a kati ba.