Auna ƙwai kafin ka yi wa uwar tarwada allura

Masu ƙyanƙyasar tarwada a Yamai sun saba tambayar ƙwai nawa uwa ta bayar. Tambayar da ta fi wannan amfani ita ce girman ƙwan, da kuma ko kansa ɗaya ne, domin a nan ake gane ƴaƴan da za su rayu.

Kifin da aka fi nazarin wannan magana a kansa shi ne salmon, mai haihuwa a kogunan sanyi na Norwe da Sikotland da Kanada. Uwar takan tona rami a cikin tsakuwar ƙasan kogi, ta zuba ƙwai masu faɗin milimita 5 zuwa 7, ta rufe. Idan sun ƙyanƙyashe ba sa fitowa nan da nan. Sukan yi makonni a cikin tsakuwa, ba abin da suke ci sai gwaiduwar da ke rataye a cikinsu. Gwaiduwar nan ita ce guzurin da uwa ta ɗaura wa ɗanta. Wanda ya fito daga babban ƙwai yakan fito da jiki da ƙarfi, ya riga ƴan'uwansa kama wurin da ruwa ke kawo abinci, ya kore su, ya kuma fi jure yunwa. Mafi yawan mace-macen ƙananan salmon a makonnin farko bayan fitowa daga tsakuwa ake yinsu, kuma ƙanana ne suka fi tafiya. Galibi babbar uwa ce ke ba da babban ƙwai.

Akwai wani abin lura da ya shafe mu kai tsaye. Wani bincike da aka wallafa a 2003 kan salmon na kiwo a yammacin Kanada ya nuna ƙwai na ƙanƙancewa daga zuriya zuwa zuriya. Dalili kuwa, a gidan ƙyanƙyasa babu yunwa, babu mai farauta, don haka ɗan ƙaramin ƙwai ma yana rayuwa, uwa mai ƙananan ƙwai masu yawa sai ta fi kowa barin iri. Duk mai zaɓen uwaye da yawan ƙwai kaɗai, hanyar da ya ɗauka ke nan.

Ƙwan tarwada ƙarami ne ƙwarai, bai kai milimita 2 ba, gwaiduwarsa kuma cikin kwana 3 take ƙarewa. Saboda haka ɗan bambanci kaɗan ma yana da tasiri.

Ka fara da uwa. Nemi wadda ta haura shekara 1, mai nauyin kilo 1 ko fiye, cikinta a cike da laushi, mafitar ƙwai ta ɗan kumbura ta yi ja. Ƴar budurwar kifi mai haihuwar fari ta kan ba da ƙwai ƙanana, wadda aka matse wa ƙwai kwanan nan kuwa ba ta gama maida jiki ba, a bar ta ta huta. Abincin uwaye ya kasance mai furotin kashi 35 zuwa 40 cikin 100. Dusa zalla tana cika ciki amma ba ta gina gwaiduwa.

Kafin allurar da ke sa uwa ta saki ƙwai, ɗebo samfurin ƙwan. Rufe kan kifin da jiƙaƙƙen tawul don ya natsu, ka danna cikin a hankali zuwa wajen wutsiya, ko ka zura siririn bututun roba mai tsabta ka zuƙo ƴan ƙwayoyi. Jera guda 10 a layi, suna taɓa juna, a kan rula, ka karanta tsawon layin ka raba 10. Idan layin bai kai milimita 10 ba, ƙwan bai nuna ba, maida uwar cikin kwami. Abin da ake so shi ne kusan dukkansu, 9 cikin 10, su wuce milimita 1. Ka duba launi kuma: nunannen ƙwai kore-kore ne mai ɗan ruwan ƙasa, yana sheƙi, kowace ƙwaya a ware. Wanda ya fito fari-fari, ko a cure da jini, ko manya da ƙanana a gauraye, asarar allura ce kawai.

Mai ƙaramin sikeli yana da wata hanyar bayan matsa: auna giram 1 na ƙwai ka ƙirga. Yawanci ana samun wajen 600 zuwa 700. Adadin da ya haura haka da nisa yana nufin ƙwan ƙanana ne. Rubuta lambar kowace uwa a littafi tare da nauyinta, a kwana a tashi za ka san waɗanda suka cancanci zama iri.

Allurar Ovaprim, wato maganin sakin ƙwai, rabin mililita ce ga kowane kilo 1 na uwa, a tsokar baya kusa da ƙayar gadon baya. Daga nan sai jira na awa 8 zuwa 12, gwargwadon ɗumin ruwa. A nan ne yanayin Yamai ke ruɗin mutane. A zafin Afrilu da Mayu ƙwai na saurin sakuwa, wanda ya makara sai ya tarar uwa ta zubar ko ƙwan ya wuce lokaci. A sanyin hunturu kuwa komai na jinkiri, mai gaggawa ya matse da ƙarfi ya fito da ɗanyen ƙwai da jini. Sa ma'aunin zafi a cikin ruwa, kada ka dogara da agogo kaɗai.

Matse ƙwan a busasshen kwano, domin ɗigon ruwa kaɗan na rufe ƙofar ƙwai kafin maniyyi ya shiga. Zuba maniyyin namijin tarwada da ka tsarma da ruwan gishiri, giram 9 a lita 1, ka gauraya, sannan ka ƙara ruwa mai tsabta ka juya na minti 1. Shimfiɗa ƙwan a kan raga, shimfiɗa ɗaya, kada su hau juna. Inda suka taru iska ba ta isa, sai su mutu su yi fari, fumfuna ta kama su ta bazu zuwa masu rai. Ruwa ya riƙa gudana a hankali. Idan na famfo ne, a bar shi ya kwana a buɗe don sinadarin kulorin ya fita. A digiri 30 ƙyanƙyasa na zuwa cikin awa 20 ko kusa da haka, a digiri 25 kuwa sai ta haura awa 30.

Kada ka haɗa ƴaƴan uwa mai manyan ƙwai da na mai ƙanana a kwami ɗaya, haka nan na jiya da na yau. Tarwada tana cin ƴar'uwarta, ɗan ratar girma na ranar farko shi ke zama babban baki bayan mako 2. A rana ta 3, da gwaiduwa ta shanye, fara ba su atimiya (ƴan mitsi-mitsin halittun ruwan gishiri masu kama da jatan lande) ko wasu ƙananan halittun ruwa masu rai, kaɗan-kaɗan, sau da yawa a yini har da dare. Ƴaƴan ƙananan ƙwai su ne suka fi kasa jure jinkirin abinci, don haka su za ka fara ciyarwa. Daga mako na 2 ka riƙa tace su da rariya kana ware waɗanda suka yi wa sauran zarra, aƙalla sau ɗaya a mako.