Ga sababbin zuwa gabashin Finland: tsuntsaye sun dawo, amma ku kula da alamar rawaya

Ƙannena da kuka sauka Joensuu, Kuopio, Savonlinna da Lappeenranta a Agustan bara, sannunku da fita hunturun farko. Ƙanƙarar tafkuna ta fara tsagewa, rana ta fara daɗewa a sama, kuma na san abin da zai biyo baya: wani abokin karatu ko maƙwabci zai ce ku zo a je kallon tsuntsaye. Ku je. Amma ku karanta wannan tukuna, domin shekara uku a jere ina ganin sababbin zuwa suna taka sawun ɓarawo a daidai inda ni ma na taka.

Mutanen nan da tsuntsaye suke lissafin shigowar zafi, kamar yadda mu ke ganin shamuwa mu ce damina ta kusa. Suna da karin magana a kai: in kiuru, wani ɗan tsuntsun gona mai waƙa, ya iso saura wata guda zafi ya shigo, in peippo, wani ɗan tsuntsun daji, ya iso saura rabin wata, in kuwa ka ga tsattsewa to zafi ya riga ya shigo. Farar tsuntsuwar nan mai dogon wuya da ke bayan kwabon yuro ɗaya nasu ita ce laulujoutsen, tsuntsuwar ƙasa. Wajen 1950 farauta ta kusa ƙarar da ita, yau kuwa da wuya ka wuce tafki ba ka ji kukanta ba. Akwai kurki, ɗan uwan gauraka ne sai dai ba shi da tukku. Wanda ya fi taɓa mini zuciya shi ne suokukko, wanda irinsa ke cin hunturu a fadamun Haɗejiya da Nguru da bakin tafkin Chadi, sai kuma sääksi, shahon nan mai kamun kifi da ke sauka har Afirka ta Yamma. Ran da na fara ganin suokukko a bakin ruwa a nan, na daɗe a tsaye ban iya magana ba. Daga gida ya taso, kamar ni.

Shirin ba wuya. Ka sa rigar sanyi ko da rana ta fito, iskar tafki ba ta da tausayi. Madubin hangen nesa ka tambaya a laburare, wasu suna ba da aro. Ka hau lintutorni, hasumiyar katakon da aka gina don kallo, kyauta ce, ka rage murya. A watan Mayu gari na wayewa da wuri ƙwarai, kana idar da asuba ka kama hanya. Kada ka taka ƙanƙarar tafki yanzu ko ka ga sawun wani a kai. In ka dawo ka duba jikinka, kaskar nan tana sa cuta. Ƙwai da sheƙa ba a taɓawa, danƙo kuma a bar shi a gida, doka ce ke kare tsuntsayen. Masu watsa shinkafa a baranda, ku duba dokokin gidan hayarku, da yawa sun hana saboda ɓera.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

An gaya muku a nan kowa na da 'yancin shiga daji, ya tsinci 'ya'yan itace, ya bi bakin tafki ko filin ba nasa ba ne. Gaskiya ne. Abin da ba a gaya muku ba shi ne 'yancin nan ba ya aiki a bakin iyakar Rasha. Iyakar ta kai wajen kilomita 1,340, kuma a gefenta akwai zirin ƙasa da ake kira rajavyöhyke, faɗinsa yakan kai kilomita 3, ba a shigarsa sai da takardar izini. Alamarsa allo mai ruwan rawaya da zanen tafin hannu, da zoben rawaya a jikin itatuwa. Wasu daga cikin mafi kyawun wuraren tsuntsaye kuwa kusa da wannan zirin suke: Siikalahti a Parikkala, Sääperi a Värtsilä, da gonakin da dubban dinyoyin valkoposkihanhi ke yada zango a Mayu kafin su wuce can arewacin Rasha su yi ƙwai.

A shekarata ta biyu na ari mota, na bi wani garken dinyoyi da ido daga wata gona zuwa wata. Na ajiye motar, na shiga wata 'yar hanyar daji. Na ga zoben rawaya a itace, na ɗauka alamar masu saran katako ce. Ban yi minti ashirin ba sai ga masu gadin iyaka. Baƙo, shi kaɗai, da madubin hangen nesa a wuya, yana fuskantar gabas. Katin izinin zamana kuma yana cikin aljihun wata rigar a gida. Ba su ɗaga mini murya ba, aikinsu suka yi, laifin nawa ne. Amma na shafe awanni ina amsa tambayoyi, aka duba hotunan da na ɗauka, aka ci ni tara. Ba kuɗin ne ya dame ni ba. Izinin zamana saura wata huɗu ya ƙare, na kwashe watannin nan ba na barcin kirki, kullum ina tunanin ko wannan takardar za ta fito lokacin sabuntawa. Mahaifiyata ta ji a muryata, ban iya gaya mata ba. Allah ya rufa asiri aka sabunta. Kuma wancan lokacin iyakar a buɗe take. Tun ƙarshen 2023 aka rufe mashigarta, idon masu gadi ya ƙaru.

Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yaro ya sa hoto a WhatsApp yana jingine da allon rawaya yana murmushi. Mu nan ba mu da yawa, kuma waɗanda suka riga ku zuwa da haƙuri da riƙon amana suka gina sunan da kuke cin albarkacinsa yau, a jami'a, a asibiti, a masallaci. Ka riƙe katinka a jiki duk inda za ka. In wurin yana kusa da iyaka, ka duba taswira kafin ka fita, ka nemi izinin ta intanet tun da sauran kwanaki, ko ka bi ɗan ƙungiyar masu kallon tsuntsaye na garinku, sun san kowace kwana.

Wata Asabar a cikin Mayu ƙungiyar masu kula da tsuntsaye ta BirdLife Finland na shirya Tornien taisto, gasar da ake hawa hasumiyoyi tun biyar na asuba ana ƙirga irin tsuntsayen da aka gani. Mu na Joensuu za mu fita tare bayan salla. Akwai gurbin mutum uku a motata, shayi kuma nawa ne.