Kafin ka buɗe wa tafiyar nisa da laima muƙala

Ɗan ƙanwata ya same ni a Shara Mansur da ke Makka bayan isha'i ina shan shayi, ya miƙo min waya. Bidiyon wani mutum ne da ya fito daga jirgin sama ya buɗe laimarsa tun can ƙololuwa, iska ta yi ta kora shi bisa gonaki har ya dira filin da ya nufa. Ya ce, "Kawu, babu wannan a Wikipedia ta Hausa, bari in buɗe masa shafi." Na ce ya zauna tukuna, ga yadda nake yi.

Fara da sanin abin. Mai dirowa da laima yakan baro jirgi a tsayin mita 4,000 ko kusa da haka, ya yi ta faɗowa kamar minti ɗaya kafin ya buɗe. A wannan salon kuwa, jirgi kan kai shi nesa da filin sauka ta ɓangaren da iska ke tasowa, ya buɗe nan take, ya ci kilomitoci a ƙarƙashin laimar. Sojoji ma suna yin irinsa don su shiga wuri ba a ji ƙarar jirgi ba. In ba za ka iya bayyana shi a jimla uku ba, dakata.

Sai neman majiya, kuma nan aikin yake. Ƙa'idar Wikipedia ita ce a samu amintattun majiyoyi masu zaman kansu da suka yi bayani mai tsawo a kan abin. Nemi sunan da Turanci, ka nema da Larabci, tunda mu nan muna karanta shi. Larabawa na ce wa wasan dirowa da laima al-ƙafzul mizalli. Duk abin da ya fito, tambayi kanka: wa ya rubuta, me zai samu? Shafin kamfanin da ke karɓar kuɗi ya ɗauki mutane a jirgi talla ne. Bidiyon YouTube shaida ce cewa wani ya yi, shi ke nan. Abin nema shi ne littafi, ko jarida mai edita, ko mujallar wasan da ta ware masa shafuka.

Yaron ya kawo min labarin Felix Baumgartner, ɗan Ostiriya da ya tsallake tekun da ke tsakanin Ingila da Faransa a 2003, daga saman Dover zuwa kusa da Calais. Jaridu sun buga shi sosai, gaskiya ne. Amma da fiffike ɗaure a bayansa ya ci tazarar, laima sai wajen sauka. Kada ka ari shahararsa ka lulluɓa wa wani salon.

A daren nan ba mu samu fiye da sakin layi ɗaya nan, ɗaya can ba. Irin wannan nakan ce a ba shi sashe cikin babbar muƙalar dirowa da laima, wasan da ke da tarihi tun 1797 da André-Jacques Garnerin ya diro daga balan-balan a Paris. Raina na ɓaci in ɗalibi ya danna shafi da Hausa ya tarar da layi biyu babu manazarta, don daga ranar ba ya ƙara yarda da mu.

Ka rubuta dalilinka a shafin tattaunawa, ka jera abin da ka samu da inda ka duba. In gobe wani ya zo da littafi, sai a ciro sashen a yi masa muƙalarsa. Mu dai mun rubuta jimla biyar kafin mai shayi ya fara tattara kofuna.