Yadda ake jawo intanet na faiba gida ba tare da an huda bango sau biyu ba

Wanda ya zauna a kafe farkon shekarun 2000 bai manta da kukan modem ba, ana jira ya kama layin tarho, gudunsa bai wuce kilobit 56 ba, kafin hoto ɗaya ya buɗe shayinka ya huce. Yau magajinsa a gidajenmu shi ne MiFi, 'yar na'urar nan mai layin waya da ke raba data, ko kuma maigida ya kunna wa kowa data daga wayarsa, yana fita kasuwa gida ya yi tsit. In wayar faiba, wadda ke kawo intanet da haske ta zaren gilashi, ta iso unguwarku, ga yadda za ka koma kanta.

Fara da maƙwabcin da ya riga ya saka, kada ka fara da ɗan talla. Tambaye shi sau nawa take yankewa a wata, kuma kwana nawa ake yi kafin a zo gyara. Sannan ka duba ko akwai akwatinsu a fal-waya kusa da kai, don nisa yana iya ƙara kuɗin sakawa. In haya kake, nemi yardar mai gida tukuna.

Wajen zaɓen tsari, ka raba lambar gudun da suka faɗa gida 8. Megabit 20 na nufin megabait 2.5 ne a daƙiƙa, kada ka zo kana cewa an cuce ka. In sun ce "ba iyaka", ka ce su nuna maka a rubuce ko akwai adadin da in ka kai za a rage maka gudu.

To, ranar sakawa ita ce magana. A nan na faɗi, a nan kuma na ga mutum uku sun faɗi bayana. Masu sakawa suna da gidaje da yawa a gabansu, don haka hanyar da ta fi kusa suke so. A gidana ta tagar falon baƙi suka shigo da waya, suka ajiye rauta, na'urar da ke watsa Wi-Fi, bayan talabijin, ni kuwa ina can ina neman musu ruwan sanyi. Da dare uwargida ta ce ɗakinta ko sandar sigina ɗaya babu. Bangon bulo uku ne tsakaninsu, kuma Wi-Fi ba ya ƙaunar siminti. Na ce sai in matsar da rautar da kaina, ashe faiba ba wayar wuta ba ce da za ka murɗe ka naɗa mata salatif. Zaren gilashi ne a ciki, siriri kamar gashi, sai da injinsu ake haɗa shi. Sati biyu na jira, na sake biya, ga ramin farko har yau an toshe shi da takarda.

Saboda haka kafin su iso ka zaɓi wurin da kanka: tsakiyar gida, sama da kan mutum, kusa da soket, ba cikin kabad ba. Ka tsaya a kansu. Duk inda wayar za ta bi ƙasa ko silin, a zura ta cikin bututun roba, don ɓera ba ya barinta. Kuɗin bututun bai kai rabin na kiran gyara ba. Kada a lanƙwasa ta sosai a kusurwa, kada ƙofa ta riƙa matse ta, kuma a bar 'yar saura a naɗe ko za ka so matsarwa. Yara kada su leƙa bakin wayar, hasken da ke fita ba a ganinsa amma yana cutar ido.

Sai wuta. MiFi tana da batir, wannan ba ta da shi: ana ɗauke wuta ta mutu. In ba ka da sola, sayi ƙaramin UPS na rauta, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, tun ranar. Yawancinsu volt 12 ne, amma karanta jikin cajar ka tabbatar. Ni ban yarda da tayar da janareta don rauta ɗaya ba.

Kafin su tafi, fitilar da aka rubuta wa PON a jikin na'urar ta tsaya kore. In ta LOS ta yi ja, haske ba ya isowa, kada ka sa hannu a takardarsu. Gwada gudun a gabansu, a kowane ɗaki. Canza kalmar sirrin da ke manne a jikin na'urar, in ba haka ba samarin layi za su mayar da ƙofar gidanka majalisa. In ka ga sunan Wi-Fi biyu, 5GHz na kusa ne, 2.4GHz ya fi ratsa bango. Tsohon layin MiFi kuwa ka riƙa sa masa ɗan kati, ranar da babbar mota ta tsinke wayar a titi shi za ka nema.