Yadda za ka daɗe kana aikin sa kai da 'yan sikawut

A shekarata ta farko da yaran sikawut, ni ke kafa tanti, ni ke hura wuta, ni ke ƙirga turaku. Kafin shekara ta zagayo na gaji tiɓis, yaran kuwa ko ƙullin igiya ɗaya ba su iya ba. In za ka shiga wannan aiki, fara koyon naɗe hannu.

Kasa yaran rukuni-rukuni, shida zuwa takwas, kowane rukuni da shugabansa daga cikinsu. Ba sabon abu ba ne. Lokacin da Baden-Powell, wanda ya kafa sikawut, ya kai yara kimanin 20 tsibirin Brownsea a Ingila a watan Agustan 1907, sansanin da ake ɗauka shi ne mafarin sikawut, gida huɗu ya raba su, ya ɗora yaro a kan kowane gida. Kai ka koya wa shugabannin, su kuma su koya wa sauran. Za ka ga tanti ya karkace, hannunka yana ƙaiƙayi. Ƙyale shi! In iska ta kwantar da shi cikin dare, washegari ba sai ka yi dogon bayani a kan turaku ba. Abu uku ne kawai ba na zuba ido a kansu: wuta, wuƙa da ruwa mai zurfi.

Kada ka keɓe da yaro kai kaɗai, ko ɗan amininka ne. Kullum a samu babba na biyu a wurin. Kafin fita sansani, karɓi izinin iyaye a rubuce, da lambar wayarsu, da bayanin ciwon da yaro ke fama da shi, kamar asma.

Kuɗin gudummawa kuma, rubuta komai a littafi, mutum biyu su sa hannu, a karanta wa iyaye.

Wajen aikin taimakon jama'a ne na fi cin tuntuɓe. Mun taɓa dasa itatuwa a wata makaranta, aka ɗauki hotuna, kowa ya watse. Ba mu tambayi wa zai riƙa ba su ruwa ba. Bayan wata biyu sai busassun sanduna muka tarar, yaran suna kallona. Yanzu kafin mu ɗauki shebur, sai na tura shugabannin rukuni su tambayi mutanen wurin abin da suke buƙata, da wanda zai kula da shi bayan tafiyarmu.

Nemi horon shugabanni na Wood Badge, wanda aka fara a sansanin Gilwell Park da ke Ingila a 1919. Sannan kada ka yi alkawarin da ya fi ƙarfinka. Awa biyu a mako da ba ka fashi ta fi wa yara amfani.

Ni dai tun bara na miƙa usur ga wani da ya zo mini yana ɗan shekara 11. Ranar taro ina zama a baya da akwatin taimakon gaggawa.