Ƙwari a jikin furen okid: inda masu reno suke yin kuskure

Okid shukar fure ce ta ado. Wanda aka fi gani a falo da ofisoshi shi ne Phalaenopsis, mai faffaɗan ganye, wanda furensa kan yi wata 2 zuwa 3 bai zube ba. Asalinsa dazuzzukan kudu maso gabashin Asiya ne, inda yake maƙale jikin itatuwa, shi ya sa ake dasa shi cikin ɓawon itace maimakon ƙasa. Yana da tsada, saboda haka da an hangi wani abu a ganyensa sai hankali ya tashi, a rarumo duk maganin da ke kusa. Sau da yawa maganin ne ke kashe shukar, ba ƙwarin ba.

Babban kuskuren shi ne feshi kafin a san abin da ake yaƙa. Wani ma maganin sauro na gwangwani yake fesa masa, ko fiya-fiya. Na farkon yana ƙona ganye da fure, na biyun kuwa guba ce da bai kamata a shaƙa a ɗakin da ake kwana ba. Ka fara kai tukunyar wurin haske, ka juya ganyen, ka leƙa lungun da ganye ya haɗu da jiki, da bayan furanni.

Idan ka ga farin abu a dunƙule kamar ɓurɓushin auduga, ba fumfuna ba ce, ƙwaro ne mai tsotsar ruwan shuka. Jikinsa lulluɓe yake da wani farin gari mai maiƙo da ke hana ruwa kama shi, don haka yayyafi ba ya yi masa komai. Tsoma auduga cikin sifirit, irin mai kashi 70 cikin 100 da ake samu a kemis, ka dangwale su ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma ɗan uwansa mai ɓawo, wanda kan manne a ganye ya zama ɗan ƙulli ruwan ƙasa, ba ya motsi, har a ɗauka tabo ne. Gwada shi da farce: idan ya ɓamɓaru ya bar ganye lafiya a ƙarƙashi, ƙwaro ne. Tsohon buroshin haƙori mai laushi da sifirit sun ishe shi.

A nan ne mutane da yawa suke sakin jiki. An goge sau ɗaya, ganye ya yi fes, an ɗauka an gama. Ai macen farin ƙwaron tana iya zuba ƙwai ɗaruruwa a lungun da auduga ba ta kai ba, kuma cikin mako guda zuwa kwana 10 sun ƙyanƙyashe. Sai a maimaita aikin duk bayan kwana 7, aƙalla sau 3 ko 4, ko da ido bai ga komai ba. In suka ci gaba da dawowa, to sun sauka cikin saiwa. Zare shukar, zubar da tsohon ɓawon itacen gaba ɗaya, wanke saiwar da tukunyar, ka sake dashe. Goge har bakin tagar da take zaune, domin suna ɓuya a can.

Wanda ya fi wahalar ganewa shi ne ɗan mitsitsin nan dangin gizo-gizo, da kyar ido ke kama shi. Zafi da busasshiyar iska yake so, shi ya sa yake yawaita lokacin hunturu da bazara, da kuma ɗakin da na'urar sanyaya iska ba ta hutawa. Alamarsa ganye ya dusashe, ƙarƙashinsa ya yi ruwan azurfa. Kada ka jira sai ka ga saƙa irin ta gizo-gizo, domin nau'in da ya fi addabar Phalaenopsis ba ya saƙa. Shafa farin ƙyalle mai damshi a ƙarƙashin ganyen. Idan ya fito da jan zane, su ne. Maganin ƙwari irin su imidacloprid ba ya kashe su, wani lokaci ma ƙaruwa suke yi bayansa. Wanke ganye sama da ƙasa da ruwa mai ɗan ɗumi, sannan ka fesa man darbejiya, ƙaramin cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa da ɗigon sabulun ruwa.

Shi ma man yana da ƙa'ida. Ba a fesa shi a cikin rana ko idan zafi ya haura digiri 30, zai dafa ganyen, kuma ba a sa shi a kan fure. Garin omo ba madadin sabulu ba ne. Bayan kowane wanki, nannaɗe tishu ka tsane ruwan da ya kwanta a tsakiyar shukar inda sabon ganye ke fitowa. Ruwan nan in ya kwana yana iya ruɓar da zuciyar shukar, kuma wannan ya fi duk ƙwarin da aka lissafa saurin kisa.

Ba kowane danƙo ne alamar ɓarna ba. Lafiyayyen okid kan fitar da ɗigon ruwa mai zaƙi a sandar fure, gogewa kawai yake buƙata. Amma in danƙon ya game ganye, ya yi baƙi-baƙi, ga kiyashi na safa da marwa, to akwai masu tsotso a sama, nemo su.

Ƙananan baƙaƙen ƙudajen da ke tashi idan an taɓa tukunya kuwa ba su cancanci feshi ba. Ɓawon ne ya ruɓe ko ban ruwa ya yi yawa. Rage ruwan, ka riƙa sauya ɓawo duk shekara 1 zuwa 2.

Ƙwarin nan galibi da sabuwar shuka suke shigowa gida, ko ta saye ce ko ta kyauta. Ajiye ta ita kaɗai a wani ɗaki na mako 3 zuwa 4 kana dubawa kafin ta shiga cikin sauran. Reza ko almakashin da ka yanke ganye mai ciwo da shi, gasa shi a wuta kafin ya taɓa wata shukar, domin cututtukan bairos na okid ta bakin ƙarfe suke yaɗuwa, kuma ba su da magani.